Gurbin da Na Bar Maka

Zuwa ga ɗan kawuna kuma taubashina, Bashar, a Kaduna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da abokan aikinka, ina sanar da kai mutanen gida duk lafiya lau. Baba ya samu sauƙin ƙafar. Inna tana gaishe ka, kodayake ita kullum cikin gaishe ka take ko ba a tambaye ta ba.

Na san za ka yi mamakin ganin wannan a shafina inda kowa zai karanta, alhali lambarka tana cikin wayata. Dalili shi ne saƙon muryar da ka turo min tun farkon wata, wanda har yau ban amsa ba. Ka ce kamfaninku zai ɗauki masu koyon aikin haɗa kwamfutoci da kula da netwok, ka riƙe min gurbi a ƙarƙashinka, in ban yi magana ba kafin ƙarshen wata za a ba wani. Na saurari saƙon nan har na haddace tarin da ka yi a tsakiyarsa. Amma duk lokacin da na ɗauki waya zan kira ka, na san bakina tsokana zai koma, in tambaye ka ko har yanzu kana tsoron kwaɗi, mu yi dariya, mu ajiye. Mun saba da wasa har maganar kirki ba ta iya shiga tsakaninmu, shi ya sa na zauna rubutu.

Bari in faɗa maka ba kwana-kwana: ina jin ƙyashinka. Na daɗe ina ji, kuma ya ci min rai fiye da yadda kake zato.

Ka tuna shekarar da muka gama sakandare a Wurno. Kawu ya kawo ka gidanmu daga Goronyo tun muna yara don makaranta, ɗaki ɗaya, akushi ɗaya. Rannan bayan la'asar Baba ya dawo daga Sakkwato ya kira mu zaure. Ya ce ya samo gurbi biyu ta hannun tsofaffin abokan aikinsa. Ɗaya difloma ce ta kimiyyar kwamfuta a kwalejin fasaha. Ɗayan kuma horo ne na 'yan watanni a wata ƙaramar cibiya a saman bene kusa da kasuwa, inda ake koyar da jan waya da haɗa na'urori.

Ka san dokar gidanmu. Ko naman layya ne, ko yadin sallah, babba ke fara ɗauka, ƙarami ya karɓi abin da ya rage bai ce uffan ba. Damina ɗaya na girme ka, kuma ban taɓa barin ka manta ba. Baba ya ce, "Attahiru shi ab babba, shi za ya hwara ɗauka." Ban ko yi tunani ba. Na ga rigar yaye ɗalibai da hular nan mai jela, na ga takarda a jikin bangon zaure kusa da ta Baba. Inna ma daga bayan asabari ta sa baki, "Mi na na jan waya? Wanga ai aikin masu gyaran hitila na." Na ɗauki difloma, na juyo na ce maka in na zama darakta zan riƙa kiranka kana gyara min soket.

Babu wanda ya ce mu je mu tambayi ko mutum ɗaya mai yin aikin, mu ji abin da ake nema in an zo ɗauka. Rabon karatun da za mu ci abinci da shi aka yi mana irin rabon nama, kuma ni da kaina na yi murna da hakan.

Ba zan zagi diflomata ba, don masu karanta wannan kada su ɗauka cewa nake su gudu daga makaranta. Akwai 'yan ajinmu da suka nemi tsohuwar laftof suka riƙa gwada abin da aka koya mana, yanzu wasunsu sun yi nisa. Ni dai na tsaya a allo. Malami ya rubuta shirin kwamfuta da alli, in kwafe, in haddace, in zuba a jarrabawa, in ci. Ɗakin kwamfutocin yakan kwana ya wuni a rufe, na'urorin lulluɓe da zane saboda ƙura, wuta kuma sai ta ga dama. Na fita da sakamako mai kyau, kuma har na gama ban taɓa buɗe cikin kwamfuta na ga abin da ke ciki ba.

Kai kuwa kakan dawo hutu yatsunka duk yanka, aljihunka cike da guntayen waya masu launi-launi. Kana zaune gindin darbejiya kana matse kawunansu, kana ta maimaita jerin launin kamar mai tilawa. Ina yi maka dariya, ina kiranka ɗan wayarin. Daga baya ka ce za ka zana wata jarrabawa ta intanet wadda kamfanoni suka yarda da ita, na ce takardar da ba ta da hatimin hukuma ai ta ƙunsa ƙosai ce.

Ban taɓa ba ka labarin ganawar neman aikin da na je a Sakkwato ba. Na sa shaddata ta sallah, na riƙe takarduna a jakar fata. Mutumin bai ko buɗe jakar ba. Ya ajiye kwamfuta biyu da ƙaramin akwati mai ƙyaftawa a gabana, ya ce in sa su ga juna. Na san sunan kowane abu a kan teburin, zan iya cika shafi da bayaninsa, amma hannuna bai san inda zai fara ba. Ina zufa ina tunaninka, na san da kai ne da ka gama kana hira. A motar dawowa har muka wuce Marnona ban ɗaga kaina ba, a gida kuma na ce an riga an ba ɗan wani babba.

Yanzu ka san inda nake. Shagona a bakin kasuwar Goronyo, hoto-kwafi, buga takardar gayyatar biki, yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa. In netwok ya ɗauke sai in hau benci in ɗaga waya sama, masu albasa suna kallona. Alhamdulillahi ana ci ana sha, ban raina ba.

Abin da ke ƙona ni shi ne masu gama sakandare da ke zuwa daga Rabah, daga Lahodu, daga Dinawa. Suna tsaye a shagona, diflomata tana rataye a saman kansu cikin gilashi, su ce don Allah in ba su lambarka, suna son shawara kan abin da za su karanta. Ina ba su. Har da murmushi nake ba su.

Inna kuma, wadda ta ce aikin masu gyaran fitila ne, yanzu ba ta da hira sai "ɗan ƙanena injiniya". Hotonka da ka ɗauka a gaban manyan na'urorin nan, duk baƙuwar da ta shigo sai an nuna mata. Da ka zo sallar bara ka gyara wayar Baba kafin shayi ya huce, wayar da ta yi kwanaki a hannuna. Na ce ai dama na kusa gano matsalar. Sai ka ce haka ne. Wannan "haka ne" ɗin ya fi min zafi da a ce ka yi dariya.

Na bincika zuciyata da gaske, don ina tsoron Allah. Ban taɓa fatan abinka ya lalace ba, ko sau ɗaya. Ranar da ka ce ka fara digiri a ƙarshen mako kana aikinka, na yi maka murna kuma na kasa cin tuwo, duka a yini guda. So nake a ce ni ne, shi ke nan. Kuma na san ba ka ƙwace min komai ba. Abin da na raina ka karɓa, ka riƙe shi da hannu biyu.

Sannan ina kewarka, ɗan banza. Nan babu daɗi in ba wanda zan zolaya. Na san yadda ka sha wahalar furta saƙon nan, na ji yadda ka riƙa kewaye-kewaye don kada in ji ka raina ni. Har "in ba damuwa" ka ce min, kai da ka taɓa tura ni cikin kwalbatin fadamar Kawu.

To ga amsa, a gaban jama'a don kada in samu hanyar janyewa. Kada ka ba kowa gurbin. Na yi magana da wanda zai riƙe min shago, zan taho kafin wata ya ƙare. Ban yi maka alkawarin ƙyashin zai tsaya a Goronyo ba, tare za mu shigo mota.

Alfarma ɗaya nake roƙo. A wurin aiki kada ka ce min Yaya, kada ka tashi ka ba ni kujerarka. In na matse waya ba daidai ba, ka yanke ta a gabana ka ce in sake, kamar yadda kake yi wa sauran. In ka ji nauyina ka ƙyale ni, to ka cuce ni, zan dawo gida kamar yadda na tafi.

Allah ya ƙara maka buɗi, ya tsare ka daga sharrin masu hassada, ya wanke min zuciyata kafin in iso. Allah ya saka wa Kawu da Baba da alheri, ya sa ƙannenmu su tambaya kafin su ɗauka. Amin.

Naka,
Attahiru, sabon ɗalibinka,
daga Goronyo.