Garmahon da Ya Koya Mana Sannu

Misawa, Laraba, 8 ga Maris, 1972

Zuwa ga Kinue,

Farar dinyar tafkin Ogawara! Furen tuffan da ya riga ’yan uwansa buɗewa! Garwashin da nake ɗumama zuciya da shi tun kaka har ƙanƙara ta narke! Ke mai muryar da ke tasowa daga can ƙasan ƙirji kamar rurin teku a bayan hazo, ina gaishe ki, gaisuwar mutumin da ya yi wata huɗu bai ji ko tarinki ba.

Ki yi haƙuri da rubutuna. Kin san ina shekara sha biyar na bar makaranta, hannuna ya fi sabawa da shebur da sandunan ganga. Sau uku ina yaga takarda. Wannan ta huɗu ce, kuma ni da ke mun san a kan huɗu ake shiga waƙa.

Jiya na gamu da mahaifiyarki a wurin mai kifi. Ba ta iya kallon idona ba. Tana juya kifi ɗaya a hannu ta ce, “Sueo, ranar Lahadi ’yar tawa za ta hau jirgin ƙasa. Gwaggonta ta samo mata aiki a masaƙa kusa da Nagoya.” Na sunkuya na ce a sauka lafiya, na fito na bar kifin da na saya a kan teburi. Masaƙa, Kinue? Inda ƙarar injuna ba ta barin mutum ya ji muryar kansa? Ashe da gangan kika zaɓi wurin da ba wanda zai ƙara jin ki?

Bari in tuna miki yadda muka fara, ko da kin rantse kin manta.

Wani sojan Amurka ne da zai koma gida ya bar wa Ebina-san mai gyaran keke garmahonsa da faifai goma sha ɗaya, duk na kiɗan baƙaƙen ƙasarsu da ake kira sol. Ebina-san ya kai shi rumfar shanya tafarnuwa ta kawunsa, ya tara mu mu huɗu. Babu wanda ya san karatun kiɗa a cikinmu. Sai dai a ɗora allura, a saurara, a ɗaga, a sake ɗorawa, kowa na farautar nasa rabon da kunne. Shi yana bin jita, Shigeji yana bin babbar jitar nan mai gurnani, mai begila yana bin tasa, ni ina bin ganga, ina dukan tsohuwar gangar ajiyar miso, kayan miyar nan na waken soya, da sandunan cin abinci. Waƙa ɗaya takan ci mana sati uku. Muka sa wa kanmu suna Samarin Yamase, don iskar nan mai sanyi da ke fitowa daga teku tsakiyar bazara ta hana shinkafa nuna. Ebina-san ya ce mu ma haka za mu shiga jikin mutane ba su shirya ba.

Ranar da kika zo, ba waƙa kika zo yi ba. Kina kan tsani kina rataye dammunan tafarnuwa, kanki ɗaure da farin tawul, ba ki ko kula mu ba. Sai aka ɗora faifan wata mawaƙiya. Muryarta ta fito a hankali, mai kauri, mai nauyi, kamar ana jan kwale-kwale a kan yashi. Na ga damin ya suɓuce daga hannunki, kawunan tafarnuwa suka watse har ƙarƙashin ƙafata. Kika ce, “Wannan mace ce?” Shigeji ya ce, “A’a, kakanki ne ya sa siket.” Ba ki yi dariya ba. Kika sauko mataki biyu, kika ce a hankali, “Ashe akwai irina.”

Daga baya kika faɗa mini abin da ba ki faɗa wa kowa ba: cewa a makaranta malamar waƙa ta ce ki riƙa motsa baki kawai, kada ki fitar da sauti, don muryarki tana ɓata ta sauran yara. Cewa yaran unguwa suna kiranki Ƙahon Jirgin Ruwa. Shekara goma kina magana ƙasa-ƙasa kamar wadda iska ke bin ta bashi. Rannan a kan tsani kika buɗe baki kika bi matar, ba ki san ma’anar kalma ɗaya ba, amma har mai begila ya sauke begilarsa. Wayyo, Kinue! Ni tun a lokacin aka gama da ni. Da Ebina-san ya ce ki shigo cikinmu, kika ce, “Samarin Yamase? To ni gemu zan tsiro?” Ya ce, “Da wannan muryar ba sai kin tsiro ba.” Kika jefe shi da tafarnuwa, kika zauna.

Shekara huɗu! Mun yi bukukuwan aure, mun yi bikin bazara a kan motar ɗaukar kaya kina rawar sanyi cikin rigar da yayarki ta ɗinka, mun yi kulob ɗin sojojin Amurka kowace Lahadi da la’asar. Kin tuna yadda suke yi? Su shigo da hayaniya da niyyar rawa, in kin fara sai su nemi kujeru. Wasu jirgi na jiransu washegari zuwa fagen yaƙi. Akwai wani ƙaton saje da ya zauna yana share fuska da hularsa, ya sa tafinta ya gaya mana wai kamar yana cocin garinsu ranar da aka binne uwarsa. Ebina-san ya bugi ƙirji ya ce, “Kun ji ko? Mun fi masu abin iyawa!” In kuwa muka ji wata waƙar tamu a rediyo tana gudu, sai ya ce, “Rabu da ’yan rediyo, sauri suke su kai ga labarai.” Muka yarda. Wa zai yi musu da mai garmaho?

Ni wurina a baya yake. Shekara huɗu bayanki nake kallo, na kuwa haddace shi kamar gonar ubana. Na san ɗan tawadar da ke ƙasan kunnenki na hagu. Na san in na haɗa sanduna ɗaya, biyu, a kan uku kafaɗunki ke tashi kina jan numfashi, a kan huɗu diddigenki na dama ya bar ƙasa. Na san in waƙa ta kusa fin ƙarfinki kikan kawo hannu baya ki dunƙule, ni kuma in sassauta in ba ki hanya. Babu wanda ya taɓa ganin hannun nan sai ni. Wace wasiƙa ce ta kai wannan? Shi ya sa ban taɓa rubuta miki ba, na ɗauka muna magana.

Sai ranar nan ta Nuwamba, ranar da ƙanƙarar fari ta sauka. Hannun garmahon ya karye, muka ɗunguma duka zuwa shagon tsoho Tomabechi mai gyaran rediyo. Ya ɗaure hannun, ya ɗora faifan matarki don gwaji. Ya karkata kai ya saurara, ya ce, “Wa ya mutu?” Ya juya injin ya duba gindinsa, sai ya kama dariya har da tari. Ya ce, “Kai, yara! Wannan ai don wutar Amurka aka yi shi. Tasu sittin take bugawa, tamu ta nan gabas hamsin. A garin nan injin nan tafiyar tsohuwa yake yi. Ku zo ku ji abin da masu shi suka rera.” Ya cire faifan ya ɗora a nasa.

Kash! Da na sani da na taka faifan nan a hanya. Gangar ta zabura kamar an kunna wa doki wuta. Matar kuwa, matar da kika bi shekara huɗu, ta haye sama, siririya, mai walƙiya, tana dariya cikin waƙar da muke sa mutane kuka da ita. Kowa ya zuba wa garmaho ido. Ni ke na kalla, kuma rannan ce kaɗai na so a ce bayanki nake gani. Ba ki yi hawaye ba. Kika ce, da muryar nan ta da, ta ƙasa-ƙasa, “Ashe babu ita.”

Kunya ta kama Ebina-san kamar zazzaɓi. Ya ce shekara huɗu muna tsiraici a kasuwa, sojojin nan kara kawai suke mana. Ya ce a sake koyon komai daidai, da saurinsa da tsayinsa. Kika yi ƙoƙari, na shaida. Sati biyu kina miƙa wuya, muryarki na tsagewa kamar ƙanƙarar tafki a ƙarshen sanyi. Rannan ya daka tsawa, “Kinue-chan, hau sama mana! Waƙa ce, ba rijiya ba!” Hannunki ya zo baya ya dunƙule. Na gani. Na gani, kuma ban sassauta ba, don an ce kada a sassauta. Wannan laifin nawa ne, shi nake kwana da shi nake tashi da shi. Kika ajiye makirfo a hankali kamar ƙwai, kika sunkuya kika ce mu yafe miki wahalar da kika ba mu, kika fita. Ban bi ki ba. Na zauna riƙe da sanduna kamar gunki.

Wataƙila kin ji ƙarshenmu a bakin mutane, amma ji daga bakina. An kawo wata yarinya daga Hachinohe, mai murya kamar ƙararrawa, ba ta da laifin komai. Ranar wasan sabuwar shekara, zaure cike, na ɗaga sanduna na ƙirga, sai hannuna ya ƙirga irin ta da. Yarinyar ta shiga ta rasa inda za ta taka. Ebina-san ya juyo ya ce, “Sueo, doya kake tonowa ko kiɗa kake yi?” Mutane suka yi dariya. Ya ce in sake. Na farkon kuskure ne, na rantse. Na biyun ba kuskure ba ne. Na dube shi ido cikin ido na ƙirga ɗaya, biyu, na bar miki wurin jan numfashi. Ya cire jitarsa ya sa a akwati a gaban kowa. Nan Samarin Yamase suka mutu, ba a ko yi musu waƙar bankwana ba. Shigeji ya tafi jirgin kamun kifi. Mai begila ya koma wurin ’yan kwana-kwana. Ni na koma gona.

Gaskiyar Ebina-san ce, doya nake tonowa. Kin san doguwar doyar ƙasarmu, wadda ke nutsewa ƙasa har tsawon hannu. Mai gaggawa ba ya fitar da ita, sai ta karye masa biyu. Sai ka haƙa rami a gefenta, ka bi ta da yatsu, ka lallashe ta har ta yarda. Abin da na iya ke nan a duniya. Sannu ba ta hana zuwa, in ji manya, amma ba su faɗa mini jirgin Lahadi ba ya jiran mai sannu ba. Ni ma wutata hamsin take bugawa. Maganar da ya kamata in yi tun kina kan tsani, sai yau take fitowa: ina son ki, Kinue, ina so ki zama matata.

Kuma ki saurare ni, hasken idona, don na yi wata huɗu ina juya maganar nan a cikin rami. Kin ce babu ita. To wa ya sa ƙaton sajen nan kuka? Garmaho muka kai masa? Garmaho yana rumfa cikin tafarnuwa! Su da suka san waƙoƙin tun suna goye, kina jin ba su san mun rage gudu ba? Sun sani sarai, suka kuma dawo kowace Lahadi. Matar faifai ba ta taɓa rera abin da suka zo ji ba, ba za ta ma iya ba. A duk faɗin duniya mace ɗaya ce ke da wannan muryar, ’yar mai sayar da awara ce a Misawa. Kin je neman irinki ba ki samu ba, sai kika ce ke ce babu. Haba, Kinue! Don wata ba shi da na biyu, sai a ce babu wata?

Ba ni da dandali da zan ba ki, ba ni da fitilu. Ina da gona, da ɗaki mai kallon tafki, da ganguna, da izinin shiga rumfar tafarnuwa. In mutum biyu ne kaɗai za su ji, ni da ɓeran rumfa, to za mu ji da kyau.

Za ki ga ƙunshi a bakin ƙofarku tare da takardar nan. Garmahon ne. Ebina-san ya jefar da shi bayan rumfa, na tono shi daga ƙanƙara, na shanya shi kwana uku gefen murhu. Tsoho Tomabechi ya ce zai canja masa wani ɗan ƙarfe ya daidaita, na ce ya bar mini shi da ciwonsa. Shi ne kuma ya gaya mini abin da ya hana ni cin abinci: wai can Nagoya wutarsu sittin take bugawa. In kin tafi da shi, da kin kunna zai yi gudu daidai, kamar bai taɓa sanin mu ba. A garin nan kaɗai matar nan take raye.

Don haka zaɓi na hannunki. In tafiyar ce, tafi da shi, ba zan riƙe ki da mugun nufi ba, kuma ba zan kalli wata ba ko dinyoyi sun zo sun koma sau arba’in. In kuwa akwai sauran wani abu, ko ƙanƙani kamar ƙwayar shinkafa, ɗauko shi ki kawo rumfa ranar Asabar da la’asar. Yana da nauyi, ki huta a gada. Za ki tarar da ƙofa a buɗe, ina bayan ganguna. Zan ƙirga ɗaya, biyu, uku, in tsaya. In ban ji an ja numfashi ba, in sake daga farko, har rana ta faɗi.

Amma kada ki neme ni a tasha ranar Lahadi. Na iya jiran komai, ban da wannan. Shekara huɗu ina kallon bayanki ina murna, ba zan iya kallonsa yana ƙanƙancewa a tagar jirgi ba. Juyo sau ɗaya, Kinue. Sau ɗaya tak.

Naki, a kan ƙirgar da kika sani, har hannuna ya daina ɗaga sanda,

Sueo