Duron Ruwan Inna

Innata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da ƙannena. Yaya ciwon cikin nan? Na zaɓi rubutu ne saboda a waya ba kya bari in kai ƙarshen magana.

Kin san ƙungiyarmu ta kiɗan Afrobeat, wadda kike kira 'yan hana unguwa barci. Gangunanmu shuɗayen durorin roba ne da muke tsintowa a bayan masana'antar rini, don mutane su ga abin da ake zuba musu a rafi. Jiya muna gwaji a gareji, wata likita da ke duba mana baitocin sabuwar waƙa ta ce gubar rinin ba ta barin jikin robar komai yawan wanki. Mai ƙaho ya ci gaba da busa, ni kuwa sanduna suka suɓuce daga hannuna. Inna, irin duron nan ne na kawo miki bara, wanda kike tara ruwan sha a ciki.

Na kasa zaune na kasa tsaye. Na san halinki, ko tsumma ba kya yarwa, amma don Allah ki rabu da shi, ki kuma je asibiti.

Ɗanki mai ƙaunarki,
Makaɗi

*

Innata,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙarfin jiki?

Auta ta kira ni ta ce duron ya bar ɗakinki, har na taka rawa. Sai ta ƙara da cewa maƙwabciyarki mai jego kika ba, wai kada a yi asararsa, kuma kunya ba za ta bar ki ki karɓe kyauta ba. Inna, kin tayar mini da hankali, tsoro nake ji.

Gobe ne babban wasanmu a bakin rafi. Shugaban ƙungiya ya ce in na bar wasan na tafi gida, to in tafi ke nan. Amma da wane ido zan buga wa jama'a waƙar gargaɗi alhali ana jiƙa wa jariri magani da ruwan nan?

Zan shigo motar safe da sabon duro da gatarin fasa tsohon. Kunyar ki bar mini ita. Ki ce mata ɗanki ne marar ta ido, ki zage ni a gabanta in kina so. Amma kafin in iso, ki shiga gidanta ki zubar da ruwan.

Ki sa ni a addu'a.

Ɗanki,
Makaɗi