Telan da Aka Mayar Daga Bakin Ƙofa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki ce mata ina ci ina sha, kada ta sa damuwa a ranta.

Aiki kuwa da godiya. Har yanzu ina koya wa sababbin ma'aikatan jinya yadda za su kula da masu ƙanjamau a cikin wannan annoba. Sai dai shuka nake a idon makwarwa. Da zarar sun iya, sai a ɗauke su hoto da takardar shaida, a kwashe su zuwa ɗakin masu annoba, a bar ni da kujeru.

Akwai wani tela da nake bai wa maganin ƙanjamau tun zuwana ƙasar nan. Maganinsa ya ƙare, ya zo karɓa, maigadin asibitinmu ya ji yana tari ya mayar da shi don tsoron annoba. Ba wanda zan aika gidansa. Ranar da na je da kaina, na tarar da zaman makoki. Na faɗa wa shugabanmu, ya ce, "Ai ba annobar ce ta kashe shi ba, Sista."

Na koma bakin aikina, Yaya. Baƙo ba ya ɗaga murya.

Roƙona ɗaya ne. Gobe ki je da ƙafarki asibiti ki karɓo wa maigidanki maganinsa na wata uku, kada ya yanke masa kamar na telan nan. In sun ce ki dawo, ki zauna a bakin ƙofar har su ba ki.

Allah ya tsare mana ku.

Ƙanwarki