Lambar Ƙararrawa

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Ya gwiwar Mama? Ya yara?

Ni lafiya lau, har ƙiba nake yi a hoto. Aikina a masana'antar nan shi ne haɗa na'urar auna zafin tukunyar tururi da kwamfuta, in rubuta mata iyakar da zafi zai kai ta buga ƙararrawa. Duk digirin nan da na yi a jami'a, a kan lamba ɗaya ya ƙare.

Tun da na saita lambar ƙararrawar take ihu, domin tukunyar da gaske tana wuce kima. Jiya manaja ya tsaya a kaina ya ce, "Injiniya, ɗan ɗaga lambar mana, kunnuwa su huta." Na ce, "Ranka ya daɗe, zan iya ɗagawa, amma tukunyar ba ta iya karatu ba." Bai yi dariya ba. Shi ne kuma mai sabunta min kwantiragi.

Masu aiki a gindin tukunyar nan, ɗayansu sa'an Baba ne. Na bar lambar yadda take.

Kada ki gaya wa Mama tukuna. Amma keken ɗinkin da kika ajiye a ɗakina, ki fara nema masa wani wuri, wataƙila mai ɗakin ta kusa dawowa.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki