Lambar Asibitin da Na Toshe

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Babanku da yayyenka. Ina fatan kuma ba ka wasa da sallah, don na san halinka.

Ni lafiya ƙalau nake, aikin kula da tsofaffin ma da sauƙi. Sai dai ɗan kullutun nan na ƙirjina da aka yi wa gwaji. Ba wani abu ba ne.

Amma karambaninka ya ja mini. Kai ka koya mini toshe lambar masu talla da 'yan damfara. To, sati biyu da suka wuce wata muryar na'ura ta kira ni, ba sallama ba gaisuwa. Ka san ba na sauraron mara tarbiyya, sai na datse na toshe. Da na ji shiru game da sakamakon gwajin, jiya na je asibiti. Ma'aikaciyar ta ce, "Mama, sau huɗu muka neme ki, likita na son ganinki da gaggawa." Ashe lambarsu ce. Har an ba wata gurbina.

Ka koya mini toshewa, ba ka koya mini buɗewa ba. Haka kake komai, rabi da rabi. Ka turo mini yadda ake yi, dalla-dalla, yau ɗin nan. Kunya ta hana ni tambayar abokan aiki. Kada Babanku ya ji, ka san hawan jininsa.

Ranar Talata za su sake kira, kuma da wannan lambar. Allah ya yi maka albarka. Don Allah ka yi sauri.

Ummanka