Ba Zan Bari Manhajata Ta Yi Ƙarya Ba

Assalamu alaikum, Malama mai wannan fili. Don girman Allah ki taimaka ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe ko da ta yi miki tsawo, domin na rasa wanda zan gaya wa. Waɗanda suka san kwamfuta ba su san ƙanina ba, waɗanda suka san ƙanina kuma ba su san kwamfuta ba.

Ni mace ce, na ba arba'in baya, har na fara jika. Karatun allo na fara yi, sai da na sauke sannan aka kai ni boko, rubuta manhaja kuwa da girmana na koya, bayan na yaye ɗana na uku. Ina aiki ne a ɗan kamfanin autanmu, wanda na goya a bayana. A gida Auta nake ce masa, a ofis kuma in ce Manaja don kada in zubar masa da girma a gaban ma'aikatansa. Ofishin ɗaki biyu ne a saman shagon teloli, duk yini ƙarar kekunan ɗinki muke ji ta ƙarƙashin ƙafafunmu. Teburina yana bakin taga, kusa da fankar da ba ta juyawa sai an taɓa ta da biro.

Babban aikin da ke riƙe da kamfanin shi ne wata manhaja da na rubuta wa wani ɗakin gwaje-gwajen jini. A kan kwamfutocin teburinsu take zaune, guda uku, dukansu suna zuba bayanai a ma'ajiya ɗaya da ke ɗakin shugabar wurin. Ma'aikaci zai shigar da sakamakon gwaji, ya danna Ajiye, koren maki ya fito, sai a buga wa mara lafiya takardarsa.

To, makonni ke nan da wata matsala ta ɓullo. Wani lokaci idan an danna Ajiye sai fuskar manhajar ta yi fari fat, ta sandare, 'yar da'irar nan ta yi ta juyawa, can sai jan akwati ya fito yana cewa ba a ajiye ba, da lambar kuskure a ƙasa. Wata rana ya fito sau biyu, wata rana ko sau ɗaya ba ya fitowa. A kan tawa kwamfutar kuwa bai taɓa fitowa ba, ko don ya ba ni kunya. Na sa an sauke manhajar a can an sake ɗorawa. Na sa an canza wayoyin da ke haɗa kwamfutocin. Na zargi manhajar kariya daga ƙwayoyin cutar kwamfuta, na sa an kashe ta an kunna, babu abin da ya canza. Daga nan na koma ga abin da na iya tun ina yarinya: idan ka yi tuntuɓe a tilawa, sai ka koma inda ka tabbatar, ka taho a hankali. Na koma farkon rubutun manhajar, ina bin sa layi-layi da yatsa, har maigidana ya fara tsokanata wai yaushe za a yi walimar wannan saukar. Na kai ƙarshe, na sake komowa. Ban ga komai ba. Wannan ita ce gaskiya, ba zan ɓoye miki ba: har yanzu ban san dalilin ba.

Shugabar ɗakin gwajin mace ce mai zafi. Kullum sai ta kira Auta. Wai jan akwatin nan yana firgita mata ma'aikata, wai sai an sake buga komai daga farko alhali mutane sun yi layi a kan benci, wai mun kawo mata manhaja mai aljanu, tunda ko salla suka je suka dawo sai ta tarbe su da jan ido. Ta ce in ba a gyara ba za ta koma wa wani kamfani. In ta tafi, rabin ofishinmu ya tafi, har da masu iyali. Na san wannan, ba sai an tuna min ba.

Ranar nan na zo da safe na buɗe aikin, sai na ga an taɓa min rubutu. Auta ne, shi ma ya iya, a hannuna ma ya fara koyo. Ya ƙara wasu layuka: idan ajiyewa ta ƙi, manhajar ta sake gwadawa a ɓoye har sau uku, idan duk ta ƙi, ta haɗiye kuskuren ta nuna koren maki kamar komai lafiya. Kin san me wannan ke nufi? Mutumin da ya taɓa yin gwaji a baya, idan sabon sakamakonsa bai shiga ba, tsohon ne zai fito a takarda, da sabon kwanan wata a kai. Ya ɗauka ya kai wa likita. Likita ya dubi jinin bara ya rubuta maganin bana.

Na goge layukan. Washegari na tarar ya mayar. Na sake gogewa. Sai ya kira ni ɗakinsa ya tura ƙofa, ya ce, "Haba Yaya, sau ɗaya a ɗari ne fa, kuma na ɗan lokaci ne kafin ki gano. Ke komai sai kin mai da shi wa'azi?" Na ce masa, Manaja, wannan ɗayan ma uwa ce ta haife shi. Ya ce to in kawo gyara. Na ce ban samu ba tukuna. Ya ce to in bar nasa. Na ce a'a. Ni ban iya ɗaga murya ba, ko 'ya'yana sun sani, amma a'a ɗin nan sai da na maimaita ta har ya daina kallona.

Abin bai tsaya a ofis ba. Ya kai ƙarata wurin Inna. Tsohuwar da ko wayarta sai jikoki sun amsa mata, ita ce ta zaunar da ni tana tambayata wane irin jan rubutu ne wannan da zan tsaya a kansa in toshe wa ƙanina hanyar abinci. Ta ce, "Ke ce babba, in launi ne matsalar ki canza masa mana." Wallahi na rasa dariya zan yi ko kuka. Matar Auta ma da muke wasa da dariya, yanzu gaisuwar ta koma a tsaye.

Yanzu ya ba ni zuwa ƙarshen mako. Ko in mayar da layukansa da hannuna, ko ya cire ni daga aikin ya ba wani, ya canza kalmar sirri. Manhajar da na raina tun tana layi goma.

Ina so ki gane, Malama, ban rubuto don ki ce in yi haƙuri in bi ba. Masu ce min haka sun yi yawa, kuma ba zan bi ba. Manhaja ba ta da baki sai wanda na ba ta. Idan ta ce an ajiye alhali ba a ajiye ba, ni ce na faɗa, kuma ni za a tambaya ranar da babu Manaja babu Inna. In zai kore ni, ya kore ni. Ina da hannu, ina da kai, kuma da abin da na sani zan fita, ba a cire shi da kalmar sirri.

Abu biyu nake roƙo. Na farko, ta ina kuma zan ɓullo wa wannan kuskure, tunda idona ya gaji? Na biyu shi ne mai hana ni sukuni: idan ya cire ni ya tura musu manhajar da ƙaryar a ciki, in je in gaya wa shugabar ɗakin gwajin, ko in kama bakina don zumunci? Sau ɗaya kawai na taɓa shiga wurinsu, ranar da aka ɗora manhajar, don ni ba na son tsayawa a kan mutane suna aiki. Amma in ta kama in je, zan je.

Taki,
Yayar Manaja

*

Wa alaikumus salam, Yayar Manaja.

Bari in fara da abin da kika riga kika sani: kada ki mayar da koren makin nan. A kan wannan kina da gaskiya ɗari bisa ɗari, kuma ba zan ce ki sassauta ba. Manhajar da ke sandarewa tana ɓata wa mutane rai ne kawai. Wadda ke cewa lafiya lau alhali ba lafiya ba, ita ce ke cutarwa, domin babu wanda zai san ya duba.

Amma ƙaninki ba mugu ba ne, tsoro ne ya kama shi, kuma tsoronsa yana da tushe. Shi ake kira kullum ana yi wa faɗa, ba ke ba. Sannan rabin abin da ya rubuta daidai ne. Sake gwadawa idan ajiyewa ta ƙi dabara ce mai kyau, kowa na yin ta. Kin goge duka, mai kyau da mara kyau, har sau biyu, ba tare da kin ce masa uffan ba sai da ya kira ki. Da ni ce shi, ni ma zan ji zafi. Ki mayar da sake gwadawar da hannunki, ki cire ƙaryar kawai, ki kuma gaya masa cewa wannan ɓangaren ya fi naki.

Ga kuma inda zan ɗan matsa miki. Kin ce ba za ki zalunci mara lafiya ba, madalla. To ma'aikaciyar da ke sake buga komai daga farko, mutane na harararta daga kan benci, ita ma tana da haƙƙi a kanki. Lambar kuskure ba ta gaya mata komai. Tun kafin ki gano dalili, akwai abubuwan da za ki iya yi a yini ɗaya. Ki sa manhajar ta riƙe abin da aka shigar, kada ya ɓace idan ajiyewa ta ƙi. Ki raba aikin ajiyewa da fuskar manhajar, ya riƙa gudana a bayan fage, don ta daina sandarewa. Ki sake rubuta saƙon da maganar mutane: sakamakon bai shiga ba tukuna, abin da kika rubuta yana nan, danna nan a sake gwadawa. Ki kuma hana buga takarda sai sakamakon ya shiga. Sannan ki sa ta riƙa rubuta lokaci da sunan kwamfutar duk sa'ad da abin ya faru.

Game da dalilin, ki daina bin layuka. Kin bi su sau biyu, da a can yake da kin gani. Kuskuren da ba ya fitowa a kwamfutarki, a ɗakinsu yake zaune. Kuma ina ganin shugabar ta riga ta miƙo miki bakin zaren, kika ɗauke shi zagi. Ta ce idan sun dawo daga salla yake tarbarsu. Me ke faruwa da kwamfutar da aka bari ba a taɓa ba na ɗan lokaci? Wata takan yi barci, wata takan saki haɗinta da ma'ajiyar bayanai, manhajar kuma tana nan riƙe da tsohon haɗin da ya riga ya mutu. Ke kuma a teburinki ba kya barinta ta huta. Ban ce shi ne ba, ban ga rubutunki ba. Amma ki gwada: ki buɗe ta, ki tashi ki bar ta, ki dawo ki danna Ajiye. Sannan ki ajiye kunyar nan, ki ɗauki kujera ki yini a ɗakin gwajin kina kallon hannuwansu. Ba tsayawa a kansu za ki yi ba, aikinki ne.

Tambayarki ta biyu ita ce mai nauyi. Idan bayan duk wannan ya nace sai ya tura musu mai ƙaryar, shirunki bai halatta ba, domin maganar jinin mutane ake yi. Sai dai kada ki zagaya ta bayansa. Ki same shi a ofis, ku biyu, ba a ɗakin Inna ba, kada a sake wahalar da tsohuwa da abin da ba nata ba. Ki ajiye masa gyaran da kika yi a gabansa, ki ce ga abin da za a iya turawa yau. Sannan ki gaya masa da wannan muryar taki mai sanyi cewa in ya zaɓi ɗayan, za ki sanar da shugabar, kuma shi kika fara gaya wa don shi ƙaninki ne. Ki ƙara masa da cewa ranar da takardar ƙarya ta cutar da wani, ba kwastoma ɗaya zai rasa ba, sunansa ne zai tafi gaba ɗaya.

Zai iya yin fushi. Zai iya cire ki ɗin ma, ba zan yi miki alkawarin ba zai yi ba. In haka ta faru, ki miƙa aikin cikin mutunci, ki yi wa wanda zai gaje ki bayanin komai ba tare da kin rage ba, ki je ki faɗi abin da kika ce za ki faɗa, ranar Juma'a kuma ki kai wa 'ya'yansa ziyara kamar yadda kika saba. Aiki ne zai iya raba ku da shi, ba ya da ikon cire ki daga zama yayarsa.

Allah Ya buɗa miki ido a kan wannan kuskure, Ya sanyaya zuciyar Auta, Ya kuma tsare waɗanda ke zaune a kan bencin nan suna jiran takardarsu.