Na Ba 'Yata Maganin da Likita Ya Ce a Dakatar

Assalamu alaikum, masu wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, wanda nake wa kaina ma ya isa.

'Yata tana da farfaɗiya tun tana firamare, yanzu ta zama budurwa. Ta sha magani har mun gaji, sai wani likitan ƙwaƙwalwa a nan Abuja ya ce aiki zai yiwu, amma sai sun gano daidai inda ciwon yake tasowa. Aka kwantar da ita, aka manna mata wayoyi a kai, aka ce a dakatar da maganinta domin ciwon ya tashi a gabansu, na'ura ta nuna musu wurin da za su taɓa. Wata nas da Hausarta ba ta nuna ba ta ce min, "Madam, in ya fara kar ka ji tsoro fa, faɗuwan ne muna nema." Na ce to. Amma wace uwa ce za ta naɗe hannu tana jiran 'yarta ta tauna harshe? Ni da na san yadda idonta yake kafewa? Duk sanda na raka ta banɗaki, sai in zaro ƙwayar daga jakata in tura mata a baki.

Har aka sallame mu ciwon bai tashi ba. Likita ya ce tunda ta zauna ƙalau babu magani, a ajiye maganar aiki, a ma rage mata ƙwayar. Babanta ya yi sadaka a masallacin layinmu na Mararaba, ni kuwa ina ta yaƙe.

Makon jiya ta faɗi a kicin da tukunyar ruwan zafi, hannunta na dama ya saɓule. Garin neman gira na rasa ido. Babanta yana ta rantsuwa sai ya kai ƙarar likitan, wai na'urarsu ƙarya take yi. Jiya ina fifita mata hannun, ta ce min a hankali, "Mama, ki daina kuka, ban faɗa wa kowa ba." Wallahi gara ta tona ni.

In na yi shiru, ba za su sake gwajin ba, aikin ya tafi ke nan. In na faɗa, da wane ido zan kalli ubanta? Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, ko an sake kwantar da ita, ban amince hannuna ba zai koma cikin jakar nan ba. Me zan yi?